Zauren Masu Karatu: Rinin Faifai, Walimar Sallah da Shirin Tafiya Hutu

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Bauchi da Gombe sun fi karkata ga sana'ar hannu da hidimar baƙi da tafiye-tafiye, kuma hakan bai ba mu mamaki ba, tun da Babbar Sallah ta gabato, hutun makarantu kuma yana biye da ita. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga unguwar Jahun, Bauchi: Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, na koyi saƙar faifai a wurin kakata tun ina yarinya, na kuma koma mata bayan na yaye ɗana na biyu. Ranar sunan ɗan ƙanwata na rufe kwanukan masa da faya-fayan da na saƙa, amma da aka buɗe sai aka tarar jan launin ya zuba a kan masar, abin ya ba ni kunya ƙwarai. Duk da haka mata da yawa sun yaba aikin, suna so in yi musu, sai dai ban san yadda zan sa kuɗi ba, 'yan'uwa kuma kowa kyauta yake nema. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zubar launin ba daga saƙarki take ba, daga rinin take, kuma tana da magani. Masa idan aka kwashe ta daga tanda tana fitar da tururi mai haɗe da mai, tururin ya taru a cikin faifan ya zama ɗigon ruwa, duk garin rinin da ya tsaya a bayan kaba bai shige ta ba sai ya narke ya biyo ɗigon ya sauka a kan abinci. Kaba tana da santsi a bayanta, ba ta shan rini da sauri kamar zaren auduga, don haka mai tsoma ta a ruwan rini mai ɗumi-ɗumi ta tsame nan take, launin yana zaune ne a sama kawai. Ki tsaga kabarki tukuna, ki jiƙa ta a ruwa ta yi laushi, sannan ki tafasa ta a cikin ruwan rinin a kan wuta mai sauƙi, ki sauke, ki bar ta ta huce a ciki. Bayan haka sai ɗauraya, kuma a nan ne yawancin masu gaggawa suke kasawa: a yi ta canza ruwa har ya fito fari tas, a shanya a inuwa domin rana tana kashe launi. Kafin ki fara saƙa, ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan zafi ki goga a kan kabar da ƙarfi. Idan ya ɗauko launi, aikin ɗauraya bai ƙare ba. Tukunyar rini kuma kada ta koma madafa.

Duk da wannan, ra'ayina shi ne garin rinin kasuwa ba abin ci ba ne, bai kamata ya kusanci abinci mai zafi ba komai kyawun ɗauraya. Ki raba aikinki biyu. Faifan rufe abinci ki saƙa shi da farar kaba, ki bar launi ga zagaye biyu ko uku na bakinsa, inda tururi ba ya taruwa. Faifan ado, na jere da na rataya a bango, shi ne za ki zuba wa launi yadda ranki yake so. Idan kuma kakarki tana raye, ki tambaye ta yadda suke yi kafin garin rini ya cika kasuwa, domin magabatanmu da karan dafi suke samun ja, da saiwar rawaya suke samun ruwan ɗorawa, da baba suke samun shuɗi. Waɗannan launuka ba su da ƙyalli kamar na kanti, amma suna da nutsuwa a ido, kuma akwai masu saye da su suke nema musamman.

Batun kuɗi shi ne ya fi damuna a wasiƙarki, saboda na ga mata masu hannu da yawa sun jefar da basilla, ba don aikin ya gundure su ba, sai don ba ya mayar musu da komai. Ki sami littafi ki rubuta abin da kika kashe a kan faifai guda: kaba, ciyawar da ake naɗewa a ciki, rini, itace ko gawayin tafasawa, har da kuɗin motar zuwa kasuwar Wunti ko Muda Lawal idan a can kike saye. Wannan ita ce uwar kuɗi. Sannan ki lura da lokacin da saƙar take cinye miki, ki dubi abin da mai kitso ko mai ɗinkin hula a unguwarku take samu a daidai wannan lokaci, ki ɗora shi a matsayin ladan aikinki. Riba tana zuwa ne a saman waɗannan biyu. Za ki ga kuɗin ya zarce na faifan roba da ake kawowa daga kamfani, kada hakan ya tsorata ki, domin mai neman araha ba cinikinki ba ce, kuma ba za ki taɓa yin gasa da inji ba. Masu cinikinki su ne iyayen amare masu haɗa kayan jere, da masu neman tsarabar da za su kai Abuja ko ƙasar waje, da masu sayar da masa da suke son kwanukansu su fita daban. Duk wadda ta ba ki aiki, ki karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami, ki kuma faɗa mata ranar karɓa da za ki iya cikawa.

'Yan'uwa kuwa, zumunci yana da haƙƙi, kuma ban ce ki hana kyauta ba. Amma kyauta ita ce wadda kika yi niyya da kanki, a biki ko suna. Wadda ta zo ta ce ki saƙa mata shida domin ɗakin 'yarta, ki ce mata da fara'a: "Yaya, ki kawo kuɗin kaya da rabin ladan aiki, sauran rabin gudummawata ce." Da haka ta san aikin yana da daraja, ke kuma ba ki yi asara ba.

Tambaya daga Pantami, Gombe: Hajiya, tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a gidana dangi suke taruwa washegarin Sallah, mukan kai mutum 40 da yara. Bara an dafa shinkafa tun asuba aka zuba a kuloli, aka ci da rana, aka ɗumama sauran da dare, kafin gari ya waye yara da dama suna amai da gudawa. Wasu sun ce naman layya ne, wasu sun ce baki ne. Bana ina son a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Amsa: Amin, Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon zumunci. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, amma yadda ka kwatanta abin, shinkafar ce ta fi zama abin tuhuma. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta gaba ɗaya. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ba zafi sosai ba kuma ba sanyi ba, sai ƙwayar ta farfaɗo ta hayayyafa ta saki guba, gubar kuwa ɗumame ba ya karya ta. Shi ya sa shinkafa za ta fito daga wuta tana tururi, ba wari ba yami, amma ta kwantar da gida guda. Masana lafiyar abinci sun ce ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin maki 5 da maki 60 a ma'aunin zafi na Salshiyos, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a sarari. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, kuma duk buɗewa da rufewa tana rage shi, ballantana a zafin Gombe.

Saboda haka a raba girkin biyu, a dafa na rana da hantsi, na dare da la'asar, maimakon a ɗora tukunya guda tun asuba. Abin da ya ragu, a baza shi a faffaɗan faranti ya huce da sauri a sa a firij, idan kuwa an ɗauke wuta, a rabar wa maƙwabta da almajirai nan take tun yana da kyau. Ba sadaka ba ce a ba su abin da ya kwana ya lalace. Haɗin kabeji mai mayonis da kunun aya su ne suka fi saurin juyawa, kunun aya ma ba ya ɗaukar yini ba tare da ƙanƙara ba, don haka ko a yi kaɗan a sha nan da nan, ko a tsaya a kan zoɓo da lemon citta da aka haɗa da tafasasshen ruwa. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su kada su taɓa albasa da tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke da sabulu. Naman da aka soya ya bushe sosai, da dambun nama, suna jure ajiya, amma farfesun kayan ciki na ranarsa ne. Abin da zai kwana kuma a rufe shi da murfi mai kamawa, saboda ɓera shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lasa, maƙwabciyarku Bauchi kuwa tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba.

Ka ajiye ƙullin gishiri da sukari na kanti a gida saboda amai da gudawa. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti za a kai shi ba tare da jiran safiya ba. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da taga, ko da ana ruwan sama, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Girkin mutum 40 ba aikin mace ɗaya ba ne, kuma sau da yawa abin da ke sa a dafa komai tun asuba shi ne uwargida tana son ta sauke nauyin ta samu ta numfasa. Ka raba wa ƙannenka: wannan gida ya kawo masa da miyar taushe, wancan ya kawo cincin da dubulan, samari su kama gashi da wanke-wanke. Yara kuma a shimfiɗa musu tabarma a inuwa, a ba su karan dawa da ɓargonsa su ƙera motoci da tabarau, ko yumɓu su gina shanu, a sa babba guda ya zauna da su.

Tambaya daga Azare: Anti, 'yata mai shekara 9 an yi mata baƙin lalle a bikin ƙawata, bayan mako guda zanen ya kumbura ya yi ruwa, yanzu ya bar tabo daidai siffar furen. Za a iya sake yi mata da Sallah idan an canza mai zane?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada a sake, ko wace ce mai zanen. Lallen gargajiya ja yake bayarwa, kuma yana ɗaukar awanni kafin ya kama. Wanda yake fitowa baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci, yawanci an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, shi ne yake ƙona fatar wasu, kuma illar takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, shi ya sa gwaji na minti kaɗan a bayan hannu ba ya nuna komai. Jikin da ya taɓa ƙin wannan sinadari yakan ci gaba da ƙinsa har girma, karo na biyu kuma yakan fi na farko tsanani, don haka ki faɗa wa 'yarki ta sani, ta kuma guji baƙin rinin gashi nan gaba. Ki kai ta likitan fata ya duba tabon, kada a shafa man bilicin a kai. Idan wurin ya warke sarai, ki sayi ganyen lalle ki daka da kanki, ki tankaɗe da ƙyalle mai laushi, ki kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan sukari. Jarirai kuwa ko jan lallen ba a sa musu.

Tambaya daga Kumo: Hajiya, ni malamin firamare ne. 'Ya'yana suna karanta labarin Yankari a littafi, ni kaina kuma ban taɓa zuwa ba, ga shi a bayan gidanmu. Na yi niyyar kai su a dogon hutu na watan Agusta. Me zan shirya, kuma za mu ga giwa?

Amsa: Malam, niyyarka ta faranta mini rai, domin abin takaici ne baƙo ya taso daga Turai ya ga Yankari, ɗan Kumo kuma ya girma bai gan ta ba. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alƙaleri. A Dindima ake ratsewa daga titin Bauchi zuwa Gombe, a yi kusan kilomita 29 zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma a ƙara fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Wannan tafiya ta cikin daji ba a yin ta da gudu, saboda haka ku yi sammako, ku cika tanki, ku duba tayar ko-ta-kwana, ku kuma tuntuɓi ofishin gandun tun daga gida a kan kuɗin shiga da na ɗaki da halin hanya.

Amma idan giwa kake son yara su gani, Agusta ba lokacinta ba ne. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa kuma yana kwance ko'ina, dabbobi sun watsu cikin daji ba su da dalilin fitowa fili. Da rani ne ƙishirwa take tattaro su bakin kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun ba ya ƙafewa, a nan ake ganin ɓauna da gwanki da kanki da dorinar ruwa, giwaye ma idan an yi dace. Mafi kyau shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai dai zafi yana da ƙarfi a lokacin, hutun Disamba kuma matsakaici ne ga mai ƙananan yara. Yankari tana cikin wuraren da suka fi yawan giwayen da suka rage a Nijeriya, amma daji ne ba gidan zu ba, kada ka yi wa yara alkawari. Ku shiga motar zagaye ta sassafe ko ta la'asar tare da ɗan rakiya, ka ce musu su lura da sawu da kashi da rassan da aka karya, domin ɗan rakiya yana karanta waɗannan ya faɗi abin da ya wuce da lokacin da ya wuce, wannan kansa darasi ne. Ka kuma nemi a kai ku kogunan Marshal, ɗakunan da magabata suka fafe a jikin dutse, da wuraren da aka narka tama, yara su san an yi zama da sana'a a dajin tun kafin a keɓe shi.

Abin da babu shakka za ku samu shi ne ruwan Wikki. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, ɗuminsa maki 31 dare da rana, rani da hunturu, kuma garau yake har mutum yana hango farin yashi da yatsun ƙafarsa a ƙasa. Kusa da dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, don haka yara su tsaya can ƙasa inda ruwan ya baje, kuma kada idonka ya bar kansu. Idan iyali suna son sakewa, safiyar ranakun aiki ta fi ƙarshen mako da ranakun Sallah ƙarancin jama'a.

Gwaggon birai su ne masu karɓar baƙi a Wikki, kuma ba su da kunya. Babban namiji yakan zauna a gefe kamar ba ruwansa, yana kallon hannun mutane, da ya ga leda ko kula sai ya taso a guje ya fizge ya haye rufi yana ɓare abin da ke ciki. Ƙofar mota ko ta ɗaki da aka bari ba kulle ma yakan gwada ta. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, kada a ba su, kada a yi jayayya da su idan sun ƙwace. Ku sa tufafi masu haske da dogon hannu, saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, ku tafi da gidan sauro da ruwan sha isasshe. Sannan ka duba katin rigakafin kowa: a 2019 an sami ɓarkewar cutar shawara a yankin Alƙaleri wadda ta shafi wasu da suka ziyarci Yankari, allurarta kuwa sau ɗaya ake yi ta wadatar har ƙarshen rayuwa, tana fara aiki bayan kwana 10. Idan Agusta ya zo yara sun matsa, ka kai su madatsar ruwa ta Dadin Kowa ko tsaunukan Tula su ga koren damina, a bar Yankari sai rani.

Tambaya daga Jekadafari, Gombe: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, ni da maigidana mun daɗe muna zubin adashe domin mu ga teku sau ɗaya a rayuwa. Hotunan Zanzibar da nake gani a Instagram sun tafi da hankalina. Muna tunanin Afrilu mai zuwa. Wuri ne da ya dace da Musulmi, kuma me ya kamata mu sani?

Amsa: Ƙanwata, ya dace ƙwarai. Zanzibar tsibirai ne a tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, kuma mafi yawan mutanensu Musulmi ne. Za ki ji kiran sallah daga kowace kusurwa a tsohon garin da aka gina da dutse, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, hijabinki kuma ba zai zama abin kallo ba. Galibinsu mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka idan maigidanki ya ji liman ya bayyana bisimilla da ƙunutin Asuba, kada ya ɗauka kuskure ne. Alƙibla a can arewa take kusan kai tsaye, ba gabas ba, agogonsu kuma yana gaban namu da awa 2. Otal-otal na bakin teku da yawa suna sayar da giya domin baƙi, saboda haka ku tambaya kafin ku biya.

Afrilu dai ku canza shi. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, ana yin ruwa kamar da bakin ƙwarya, teku ta yi duhu, ba irin shuɗin da kika gani a hoto ba. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi. Ki kuma sani zafinsu mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba, wanki ba ya saurin bushewa, don haka atamfa marar nauyi da mayafin auduga sun fi leshi da shadda amfani. A gabashin tsibirin ruwa yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a rana ya dawo, a arewa wajen Nungwi kuma janyewar kaɗan ce. Tun da ba ku saba da teku ba, kada ku bi ruwan da ya janye ku yi nisa, kada ku shiga kwale-kwale ba rigar kariya, ku kuma sa takalmin roba saboda halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa.

Takardu su ne za su fi cin lokaci. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. 'Yan Nijeriya ba sa karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, saboda haka kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, kuma ku nema ta shafin hukumar shige da ficen ƙasar ko ofishin jakadancinta a Abuja, ba ta hannun dillalin da kuka haɗu da shi a intanet ba. Za a nemi katin allurar shawara. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44, ku tabbatar da adadin kafin ku tashi. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, ku tafi da jakar yadi. A lissafinku ku ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai larura, domin canjin dala yana iya motsawa tsakanin ranar da kuka ɗauki adashe da ranar tafiya.

Idan kun isa, kada ku ƙare kwanakinku a bakin ruwa kaɗai. Ku je gonakin kayan ƙamshi ku ga kanumfari a jikin bishiyarsa, wanda muke sa wa a zoɓo da turaren wuta, ku ga yadda ake ɓare kirfa daga bawon itace. Ku ziyarci wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, ku ci gasasshen kifi da dare a dandalin Forodhani, amma ku tambayi kuɗi kafin a zuba muku. Idan kuma kun zauna kun ga lissafin ya fi ƙarfin adashen, kada ku ci bashi a kai. A madadin haka akwai Kalaba, tana bakin babban kogi kusa da teku, ba biza ba canjin kuɗi, akwai 'yan'uwanmu Hausawa da masallatai a unguwar Bogobiri, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan samanta yana sauƙi. Sai dai Disamba watan bikin garin ne, masauki yana tsada, don haka Janairu ya fi muku.